Shirun Baba Malam a Lome

Tun da muka dawo daga Lome kunnena bai huta ba. A shago a Suame, unguwar makanikai ta nan Kumasi, a bakin masallaci, har wurin mai waake, shinkafa da waken nan, tambayar kowa ɗaya ce: "Awudu, yaya Togo? Gaskiya ne Turawa sun cika muku jaka?" To ku matso ku ji, sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya sake tambayata bayan yau, ko dai ya sayi fulogin mota ko ya ba ni wuri.

Sai na fara daga gida, don wasunku rabin zancen suka sani. Kakanmu ya rasu ya bar akwatunan littattafai rubutun hannu, na Larabci da na ajami, kuma Baba Malam, wan mahaifina, shi ke riƙe da su. Shekarun baya wasu mutane suka zo da na'urorin hoto, suka ce su haɗin gwiwar jami'o'i ne da gidajen ajiyar littattafai. Wai za su ɗauki hoton kowane shafi su zuba a wani rumbu na intanet, kowa a duniya ya karanta kyauta. Ni tun ranar na ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Sana'ata kayan gyaran mota, kuma duk wanda ya shigo mini yana murmushi yana cewa kyauta, aljihuna nake fara dafewa. Amma Baba Malam ya ce ilimi ba a binne shi, ga gara ta fara cin wasu. Bai tsaya kan nasa ba, gida gida ya bi na malaman Zongo yana ba su baki har suka buɗe nasu akwatunan.

To a cikin namu akwai kundi guda da bai kamata ya fita ba. Kundin magunguna ne da addu'o'i, kuma da gangan kakanmu bai rubuta awon saiwoyin cikakke ba. Sauran a baki yake, sai ka zauna gaban malami ya ba ka izini sannan ya cika maka. Ranar da masu hoto suka kai kan akwatin, Baba Malam yana wurin jana'iza, suka haɗa da kundin. Ba mu farga ba sai da wani ɗan damfara a unguwar Krofrom ya sauke shafukan a waya, ya buga su, ya fara sayar da magani da sunan kakanmu. Wata baiwar Allah ta sha, da ƙyar aka ceto ta a asibiti. Daga nan zance ya juya: Malam ya sayar da asirin gidansu, ya kuma ja sauran gidaje cikin ciniki. Mutumin da ya karantar da rabin Zongo, sai ga shi ana gaishe shi a tsaye a wuce. Mun roƙi masu rumbun su rufe kundin, suka ce sai kwamiti ya zauna.

Ana haka sai Dakta Abena ta kira. Ita ce malamar jami'ar da ta jagoranci masu hoton, 'yar Asante ce mai ladabi, tana rusunawa in ta zo gidanmu. Ta ce za a yi babban taro a Lome kan yadda za a riƙa tafiyar da rumbun, kuma a wannan karo ana son a ji muryar masu littattafan. Baba Malam ba ya jin Turanci, sai aka ce ni zan raka shi in yi tafinta. Na ce mata, "Madam, muryar ake so ko rawanin?" Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Muka kama babbar mota zuwa Ankara, wato Accra ga waɗanda ba su saba da bakinmu ba. Sanyin da suka sakar mana a motar nan, wallahi ko kifi aka ɗauko iyakar abin ke nan. Kafin mu fita gari wani mai wa'azin coci ya miƙe, yana zama wani mai maganin basir ya karɓe shi. Baba Malam ya tambaye ni me na biyun yake faɗa, na ce wai maganinsa daga wani tsohon littafi ya samo. Tsohon ya kau da kai ga taga har muka isa garin Nkawkaw. Can na sauka sayen burodi, direba ya kusa tafiya ya bar ni, da gudu na kamo shi takalmina ɗaya a hannu.

A Ankara muka sauya zuwa ƙaramar motar Aflao, garin kan iyaka. Yaran tasha suka rantse saura mutum ɗaya mota ta tashi, ashe mutanen da ke ciki 'yan cika ido ne, muna zama suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da muka kai gadar Sogakope mata suka yanyame mu da faranti, ga burodi, ga ƙananan kifi, ga wani naman ruwa a tsire a tsinke. Ni na ci, ba laifi. Baba Malam ya juya tsinken, ya sansana, ya ce abin da bai san sunan ubansa ba ba zai shiga cikinsa ba, ya ciro dabinonsa.

Kan iyaka kuwa sai wanda ya gani. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa wani ya fizgi jakata yana cewa zai tsallakar da mu ta hanya mai sauƙi. Na ce sauƙin ya bi ka, na ƙwace abina. Masu canji suna kaɗa maka sefa, kuɗin Togo, a hanci, 'yan babur suna ja maka riga. A ɓangaren Gana wani jami'i ya karɓi takardunmu yana ɗaure fuska, ina shirin rigima, sai ya ɗago ya dubi Baba Malam. Kawai na ga ya zagayo ya durƙusa. Ashe a makarantar gidanmu ya sauke Alƙur'ani yana yaro. Bai nemi komai ba sai addu'a, ya riƙe jakar da kansa har bakin shinge. Baba Malam ya dube ni ya ce, "Ka gani, Awudu? Fuska ma takarda ce." Muna taka ƙasar Togo takardar ta daina aiki. Wani soja ya yi ta zuba mana Faransanci yana nuna katin allurarmu, muka bushe a rana kan benci har Alhaji Mumuni ya iso ya fitar da mu.

Alhaji Mumuni tsohon ɗalibin Baba Malam ne, yana fataucin shanu a Zongon Lome. Masu taro sun kama mana ɗaki a wani otal a bakin teku, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Amma Baba Malam ya ce malami ba ya barin gidan ɗalibinsa ya kwana a otal, me za a ce da Alhaji a unguwa? Haka muka nufi Zongo, can bayan gari, tafiya mai nisa daga inda ake taron.

An karɓe mu da mutunci, ba ƙarya. An yanka rago, makwabta suka yi ta shigowa gaisuwa. Hausarsu cike da Faransanci kamar yadda tamu take cike da Asantanci da Turanci, suna yi mini dariya ina yi musu. Da safe ba koko ba ƙosai, sai wani dogon burodi mai tauri da ke goge maka dasashi, da kofi mai madara kamar kunu. Tuwonsu na masara ya fi namu ƙarfi, miyar kuma barkono ne aka ɗan yayyafa wa kuɓewa. Na ci ina hawaye, uwargidan Alhaji ta ɗauka daɗi ne ta ƙaro mini.

Mun isa ana jajibirin taro. Bayan la'asar Baba Malam ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani, ya zauna a zauren Alhaji. Na san me yake jira. Ku ma kun sani, a wurinmu magana mai nauyi ba a fara ta a bainar jama'a. Mai gayya shi ke zuwa masaukin babba, ya gaishe shi, ya ji abin da ke ransa, a daidaita. Taro na gobe fatiha ce kawai. Dakta Abena ta buga waya ta tambayi ko mun iso lafiya, ta ce akwai liyafar cin abinci a otal, mu zo a saba da juna. Na gaya masa. Ya ce, "Baƙo ake zuwa wa. Sun san inda nake." Ya zauna har aka kira magariba, ba wanda ya leƙo. Daga baya na gane ashe su ma al'adarsu ɗaya da tamu, a gefe suke gama magana kafin taro. Bambancin kawai, nasu zauren shi ne teburin abincin otal, mu kuma muna bayan gari muna jiran sallama.

Washegari a ƙofar ɗakin taro aka rataya wa kowa kati a wuya. Wasu igiyarsu shuɗiya, tamu rawaya. Ni da na saba da kayan asali da na jabu a kwali iri ɗaya, nan take jikina ya ba ni. Na tambayi yarinyar da ke rabawa, ta ce launi ne kawai don tsari. Wani matashi ɗan Najeriya mai aikin ɗakin karatu, Bashir, shi ya ja ni gefe ya ce da Hausa, "Yaya, masu shuɗi su ne wakilan jami'o'in da ke ɗaukar nauyin injinan ajiya, su ke jefa ƙuri'a. Mu masu rawaya ana jin ta bakinmu ne." Na ce ana ji a yi me da shi? Ya ɗaga kafaɗa.

Aka ba mu abin sawa a kunne, layi ɗaya Turanci, ɗaya Faransanci. Littattafan da aka taru a kansu na Larabci ne da Hausa da Fulatanci, amma ko ɗaya babu a cikin na'urar. Sai na manna bakina a kunnen Baba Malam ina raɗa masa. Hoto kuwa, kai! Wani Bature mai fara'a ya zo ya ce "Ranka ya daɗe" da Hausar makaranta, ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, mai hoto yana ta walƙiya. Aka ɗauke mu daga baya aka kai layin gaba, kusa da wani dattijo daga Mali shi ma mai rawaya. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Tun safe ake jawabi. Kowa ya hau sai ya ce dole a dama da kowa, dole a saurari al'umma, ilimi na duniya ne baki ɗaya. Wasunsu da gaske suke, na gani a idonsu. Wata mata daga Kenya ta yi faɗa sosai kan cewa duk kujerun kwamitin na ƙasashen da ke da injinan ne, aka tafa mata, aka wuce. Ina fassarawa, Baba Malam yana gyaɗa kai. Kafin mu shigo ya riga ya ja mini kunne: "Kada ka buɗe baki a gabana. Idan lokacin maganata ya yi za su juyo su tambaye ni."

Bayan azahar shugaban zaman ya karanto wata doka. Duk abin da ya shiga rumbu ya zauna a buɗe har abada, don kada gobe wata gwamnati ko wani mai ƙarfi ya sa a goge abin da bai so. Ba za a rufe komai ba sai in wata jami'a mai kujera ce ta nema. Na raɗa masa, "Baba, kundinmu ne fa. In wannan ta wuce, mu ba mu da bakin cewa a rufe."

Baba Malam ya ajiye carbinsa a kan tebur. Ya ja gefen rawani ya rufe baki, ya juya fuskarsa ga bango.

Ku 'yan Zongo kun san wannan. In Malam ya yi haka a zaman sulhu ko na rabon gado, magana ta mutu ke nan. Mai magana yakan tsaya a tsakiyar jimla, a shiga "Allah ya huci zuciyar Malam," a koma baya a sake lale. Tun ina yaro ban taɓa ganin an ƙetare wannan shirun ba.

Shugaban ya cire tabarau ya ce, "Akwai mai ja?"

Na ce, "Baba, yana tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Ɗaga hannu ake yi."

Ya ce ta cikin rawani, "Ni ɗan makaranta ne? Suna da ido."

Idon nasu yana kan takarda. Dakta Abena kaɗai na ga ta juyo tana kallonmu, ta ɗaga gira. Harshena ya yi ta motsi a baki, amma ga umarnin da aka ba ni, ga wan ubana a zaune. Shugaban ya ce tunda babu, an amince baki ɗaya. Tafi ya tashi. Dattijon Mali ma ya tafa, don na'urar kunnensa ta mutu tun safe, ya ga ana tafi ne.

Baba Malam ya tambaye ni, "Sun janye?"

Na ce, "Sun zartar, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki carbinsa ya ce mu je mu yi la'asar.

Ni ban iya haɗiyewa ba. Na tare Dakta Abena a wurin shayi, na manta da duk wani ladabi. Na ce, "Madam, kun ɗauko tsoho tun daga Kumasi don ku yi ado da rawaninsa? Kin san abin da ya kawo shi!"

Ita ma ranta a ɓace yake. Ta ce, "Awudu, na dube ku, na jira. Mai katin rawaya ba ya ƙuri'a, amma da Malam ya ce uffan dole a rubuta, dole a ɗage maganar. Jiya a wurin abinci na so in haɗa shi da shugaban, ba ku zo ba. Me ya hana shi magana?"

Na ce, "Ya yi! Duk Zongo da sun ji shi. Wa ya kafa dokar cewa shiru yarda ce? An tambaye mu?"

Ta ce yana cikin takardun da aka aiko. Na ce da wane harshe? Sai ta ce za a sake zama ta bidiyo bayan wasu watanni, kuma in mai littafi ya ƙi amincewa a fili, za ta tsaya masa a sake buɗe maganar. Har yau ina juya abin. Wata rana in ce matar nan tsakani da Allah take, wata rana in ce 'yar Kumasi ce fa, ta girma kusa da mu, ta yaya za ta kasa karanta fuskar dattijo? Ban yanke ba, kuma ban yarda da kowa a cikinsu ba tukuna.

Dawowa ba labari. Alhaji Mumuni ya cika mu da tsarabar dogon burodinsu, soja bai ko dube mu ba a wannan karo. Muna hanya wayata ta fara ƙara, saƙo kan saƙo. Masu taron sun sa hoto a shafinsu: ga Baba Malam a layin gaba, Bature riƙe da hannunsa, a ƙasa an rubuta cewa an amince da sabuwar doka baki ɗaya tare da masu littattafan. Kafin mu iso Kumasi hoton ya zaga kowace waya a Zongo. Shi ya sa kuke tambayata zancen jaka. To ga amsarku, ba mu dawo da komai ba sai dogon burodi.

Ranar Juma'a na ga abin da ya fi hoton ciwo. Bayan sallah mutane sukan yi layi su gaishe shi, ranar 'yan tsiraru ne suka tsaya. Wani malami da Baba ya lallashe shi ya ba da littattafan gidansu ya wuce ta gabansa yana gyara hula kamar bai gan shi ba. Na raka shi gida, ya shiga ɗaki ya ja labule. Na yi zaton shi ke nan, tsohon zai naɗe tabarmarsa ya bar wa Allah.

Ran Litinin da hantsi ina shago ina rigima da wani makanike kan famfon mai, sai na ji wurin ya yi tsit. Na ɗago, ga Baba Malam yana ratsowa tsakanin tsofaffin injina, ya tattare rigarsa kada ta sha baƙin mai. Tun da na buɗe shagon nan bai taɓa tako Suame ba, mu ke zuwa wurinsa. Na yi sauri na goge masa kujerata, ya ƙi, ya zauna kan bencin masu jira.

Ya ce, "Zaman bidiyon nan, kai za ka riƙe waya."

Na ce, "To Baba. In lokaci ya yi sai in faɗa musu abin da kake so."

Ya ce, "A'a. Ba ta bakinka zai bi ba. Yaya ake cewa ban yarda ba da harshensu?"

Na faɗa masa. Ya gwada, harshensa ya sarƙe. Wani yaron makanike ya fara murmushi, na harare shi har ya bar wurin. Wannan bakin ne fa ya koya mini alifun, yana gyara mini da haƙuri ina kuka. Na ce, "Baba, ya isa haka, za su gane."

Ya ce, "Ba su gane shiruna ba. Sake faɗa, a hankali."

Na sake faɗa. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, a tsakiyar Suame, ya maimaita.